Suna ran Asabar, jarrabawa ran Litinin

Mai sunan Inna, uwata ta kaina,

Saƙonki ya iso ni jiya bayan la'asar. Sau uku na sa aka sake kunna mini shi, don kin yi maganar da sauri kamar wadda ake kora. Muna lafiya a nan Tawa, sai zafi, wanda na san ku ma kuna shan naku a Yamai. Na ce bari in zauna in rubuto miki, tunda maganar ta fi ƙarfin minti biyu na waya.

Ga abin da na ji. Yayarki, ɗiyar baffanki, ta sauka ran Asabar da ta wuce, suna ya faɗo wannan Asabar ɗin, ku kuma ran Litinin za ku fara jarrabawar gwaji, wadda kuke ce wa bak bulan, mai share fagen bak, babbar jarrabawar gama sakandare. Kina tambaya ko dole ne a al'ada sai kin je, ko barka ta WhatsApp ta wadatar. Kin haɗa da maganar rubutun da babarki ta karɓo miki wurin malam. Can a wutsiyar saƙon kuma, cikin dariya, kin ce ran Lahadi ƴan ajinku za su je bakin kogi shan iska. Wannan ta ƙarshen na ƙulle ta a haɓar zane, za mu dawo kanta.

Ki fara sanin cewa babu wanda ya zaɓi wannan Asabar don ya ɓata miki karatu. Ranar aure mutane ke sa ta, a ja ta gaba, a ja ta baya, a duba ƙarshen wata da lokacin hutu. Ranar suna kuwa jariri ke zuwa da abarsa: wanda aka haifa Asabar, Asabar mai zuwa za a raɗa masa suna, ko da liman na da tafiya. Shi ya sa wanda bai zo suna ba ake yi masa uzuri fiye da wanda aka ba goron aure tun wata guda ya ƙi zuwa. Amma uzurin, sai an kawo shi da ƙafa. Zumunta a ƙafa take, kuma ban taɓa jin an ce a yatsa take ba.

Abin da ku yaran yanzu ba ku rarrabewa shi ne, suna ba abu ɗaya ba ne. Akwai barka, wadda ake yi tun daga ranar haihuwa har ta bakwai, kowa da lokacin da ya samu. Akwai safiyar suna, wadda ta maza ce: a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida bayan asuba, a raba goro da dabino, liman ya yi fatiya, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan, a yanka rago, wanzami ya shiga ya yi wa jariri aski. Kafin ƙarfe 8 maza sun kakkaɓe riguna sun watse. Sannan akwai wunin mata, da anko da kiɗa da cin shinkafa har magariba, wanda shi ne ke cinye rana. A wunin nan ne ake kawo biki, wata ta zauna da kaye da bik tana rubuta wance jikka biyu, wance turmin atamfa, don ranar da nata ya tashi a mayar mata har da ƙari. Wannan bashi ne tsakanin matan aure. Ke budurwa ce, sunanki ba ya cikin kayen nan tukuna. Abin da dangi ke bin ki shi ne fuskarki da hannunki.

To ga yadda za ki yi. Ran Juma'a da marece ki je barka. Ki shiga ɗakin mai jego, ki zauna a bakin gado, ki karɓi yaron ki riƙe shi ko da na minti goma ne. Haihuwar fari ce, tana gidan iyayenta, kullum safe da yamma ana watsa mata ruwan zafi da ganye ana ɗura mata kunun kanwa. Ganin ƙanwarta zai yi mata daɗi fiye da yadda kike zato. Kafin ki fito ki nemi matar baffanki, ki durƙusa, ki gaya mata da bakinki cewa Litinin kuna da jarrabawa, gobe za ki zo da sassafe ki kama aiki amma ba za ki wuni ba. Na san ta shekara talatin. Ita da kanta za ta ce ki tashi ki tafi Allah ya ba da sa'a, har ta riƙa ba mutane labari cewa ɗiyarsu bak za ta yi. Idan kuwa a bakin wata ta ji, wai kin ce ba ki da lokaci, to kin ba mata abin taunawa har arba'in. Ran Asabar ki iso tun ana suyar masa, ki ɗauki tire, ki wanke kofuna, a gan ki da zanen aiki. Ƙarfe 9 ki kama hanya. Ankon ki bar shi, kuɗinsa ya tafi wurin kwafin darussa.

Da a ce rasuwa ce, Allah ya kiyaye, da ba haka zan ce miki ba. Wannan na koye ta da ciwo. Na yi sartifika, jarrabawar gama firamare, a 1974, shekarar da Seyni Kountché ya karɓi mulki, ana tsakiyar fari. Shekara huɗu bayan nan ina shirin birbe, jarrabawar gama kwaleji, saura kwana shida, ƙanwar kakarmu ta rasu a ƙauye. Na ce sai na gama. Na gama, na ci, na je gaisuwa bayan an yi addu'ar bakwai an watse. Babbar ɗiyarta ta amsa mini gaisuwar tana kallon bango. Har ta koma ga Allah, in na shigo taro sai ta ce, "Ga wadda lakwal ta hana ta zuwa." Ba da faɗa take faɗi ba, da murmushi, kuma shi ya fi zafi. Darasin da na zauna bita a kwanakin nan, wallahi ko sunansa ban tuna ba yau.

Kada ki ɗauka raina jarrabawar nake. Shekara talatin da ɗoriya na yi da alli a hannu, na tsare ɗakin jarrabawa, na gyara takardu har idona ya mutu. Na san nauyin abin da ke gabanki. A bak ta gaske, tambaya ɗaya ce za a buɗe a rana ɗaya, daga Difa har Tilaberi, daga Agadas har Gaya. Sunanki a rufe yake, mai gyara lamba yake gani, bai san ɗiyar wane ce ke ba, bai san ko an ɗauke wuta a unguwarku daren jiya ba. Ana neman 10 bisa 20, wanda ya kusa bai kai ba a kira shi zagaye na biyu. Ke da kike seri D, lissafi da kimiyyar halittu da fizik su ne masu nauyi a sikeli, maki ɗaya a can ya fi maki biyu a wani wurin. Wannan rufe sunan shi ne abin da nake so a jarrabawa, don da shi ɗiyar manomi irina ta zama malama.

Sai dai adalcin nata rabi ne, kuma wannan ya daɗe yana ci mini rai. Na koyar a ajin rumfar kara. Ba a kafa rumfar sai an yanke hatsi an sami kara, ga shi an buɗe makarantu tun Oktoba. Hadarin farko na damina kuma ya kwashe ta, shekara ta ƙare. Yaran nan a zaune suke a ƙasa, allo a cinya, littafi ɗaya mutum uku. A watan Yuni a kawo musu takarda iri ɗaya da ta ɗan da ke da fanka a aji da malamin gida da dare. A zamaninmu ma dikte, wato shifta, kuskure biyar sifili ne, cikin harshen da ba mu taɓa ji a gidajenmu ba. Na ga yara masu kai kamar wuƙa sun faɗi sau biyu, sun ɗauki jaka sun tafi bida Abijan kamar iyayensu, yau su ke riƙe da gidaje. Don haka in kin ci kada ki ɗaga hanci, in an sami akasi kada ki ce ƙwaƙwalwarki aka auna gaba ɗaya. Kuma wannan ta Litinin gwaji ce kawai, an yi ta ne don ki ga inda rufinki ke yoyo tun ruwa bai sauka ba.

Maganar rubutu gajeruwa ce. Uwarki ta taka ta je, malam ya rubuta ayoyi a allo ya wanke, galibi "Sanuƙri'uka fala tansa" ce daga suratul A'ala, wadda ake yi wa masu neman hadda. Ki yi bismilla ki sha a gabanta. Mu ma an ba mu, Inna har masa take soyawa ta raba wa yaran unguwa sadaka safiyar jarrabawa. Hankalinki zai kwanta, nata ma haka. Amma na taɓa tsaron wani yaro da ya shigo da laya a damtse, da bik ɗin da aka yi wa tofi, ya zauna awa uku yana jujjuya shi, ya miƙo mini takarda fara fes. Wanda kuma duk ya ce ki kawo kuɗi yana da tambayoyin da za su fito, a waya ne ko a zaure, ki toshe kunnenki. Wasu ƙarya suke sayarwa, in kuma gaskiya ce aka kama ki da ita, an hana ki zama jarrabawar, wahalar shekara goma sha uku ta zube.

Yanzu bari in kwance haɓar zanen. Ke da ba ki da awa uku na sunan ɗan yayarki, ina kika samo wuni guda na bakin kogi? Ai na ji ki, uwata. Ban hana ki shan iska ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da bai shiga ba tun Oktoba ba zai shiga daren Lahadi ba, kuma kan da bai huta ba ba ya lissafi. Ki yi bita da safe har azahar, bayan la'asar ki je ki sha mangwaronki da ƙawayenki, magariba ta yi miki a gida. Amma in har hotonki a bakin kogi ya hau waya alhali ba a gan ki gidan suna ba, kada ki kira ni in yi miki biko, ba zan iya da matar baffanki ba.

Na ba direban da zai taso gobe da asuba ƙunshi biyu. Mai ɗaurin ja, cuku ne da turaren wuta na mai jego, ki kai mata da hannunki ran Juma'a, kin ga kin sami abin shiga da shi. Ɗayan kilishi ne naki, kada ƙannenki su gan shi. Ki gaida babanki, ki ce masa har yanzu ina jiran gilashin idon da ya yi mini alkawari. Ran Asabar da an raɗa suna ki kira ni in ji ko an yi wa Baba takwara.

Gwaggonki, daga Tawa.