Tambaya da Amsa: Shin Akwai Makoma a Nazarin Halin Jarirai?

Tambaya: Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe ta karatun ilimin halayyar ɗan Adam, kuma burina shi ne in zama malamar jami'a mai duba masu damuwar ƙwaƙwalwa, tare da binciken yadda halin jarirai ke bambanta daga al'umma zuwa al'umma. Mahaifina yana ganin wannan ba sana'a ba ce. Ta ina zan fara? (Wata mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna)

Amsa: 'Yata, sana'a ce, sai dai hanyarta tana da tsawo. Bayan hidimar ƙasa za ki nemi digiri na biyu a reshen da ya shafi duba marasa lafiya, kamar yadda ake yi a jami'o'in Ibadan da Jos, sannan ki samu horo a asibiti ƙarƙashin ƙwararru. A nan Kaduna akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. Ki fahimtar da Baba cewa ba za ki rubuta magani ba, wannan aikin likita ne. Naki shi ne gwaji da magani ta hanyar tattaunawa. Zama da gindinki a jami'a kuwa sai da digiri na uku da maƙalun da aka wallafa.

Ɓangaren binciken ne ya fi jan hankalina. A shekarar 1956 wasu likitocin ƙwaƙwalwa, Alexander Thomas da Stella Chess, suka fara bibiyar yara a birnin New York na Amurka, inda suka kasa su gida uku: kusan kashi 40 cikin ɗari masu sauƙin reno, kashi 10 masu rigima, kashi 15 masu jinkirin sabo, sauran kuwa ba su faɗa ko'ina ba. An daɗe ana ɗaukar rigima a matsayin matsala, har wani mai bincike, Marten deVries, ya bibiyi jariran ƙabilar Masai ta Kenya a lokacin fari da yunwa na 1974, ya tarar cewa masu yawan kuka sun fi masu haƙuri tsira, wataƙila domin sun fi samun nono. Jariran da ya bibiya kaɗan ne ƙwarai, amma sakamakon ya nuna cewa muhalli ne ke yanke wa hali hukunci.

To, ki ɗauki takardar tambayoyin da masaniyar halayyar ɗan Adam Mary Rothbart ta fitar a 1981, wadda iyaye ke cikewa game da jariransu, ki kai ta wani gida a unguwarku. Za ki sami uwa goye da ɗan fari, surukarta na zaune a kan tabarma tana gyaran wake, ki tambayi uwar sau nawa yaron ke dariya idan ana yi masa wanka. Murmushi kawai za ta yi ta sunkuyar da kai, domin wadda ba ta ko kiran sunansa saboda alkunya ba za ta yabe shi a gaban mutane ba. Baƙon mai bincike zai iya rubuta cewa uwar ba ta damu da ɗanta ba, alhali ke kin san ba haka ba ne. Haka nan ƙiwa: abin da wata al'umma ke kira tsoro, mu sau da yawa uzuri muke yi wa yaro a kansa, idan ya girma da kunya ma mu ce ya samu tarbiyya.

Saboda haka shawarata ita ce kada ki tsaya ga fassara takardun wasu. Ki tattara kalmomin da iyaye mata da kakanni ke siffanta yara da su, ki ƙware a lissafin ƙididdiga, wanda ɗalibai da yawa ke gudu, sannan ki nemi malamin da zai duba aikinki tun kafin ki cike takardar neman gurbi.