Tambaya da Amsa: Gem ɗin biyan wata-wata ta intanet, ya ci kuɗinsa kuwa?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonni uku na zaɓo wannan makon kuma duk a kan gem ne, ban sani ba ko hutun makaranta ne ya sa kowa ya koma kan waya. Masu tambayar batirin sola ku yi haƙuri, na ga saƙonninku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam ina wuni ya aiki. Ni ɗalibi ne ina aji uku a jami'a nan Gusau, Tudun Wada nike zaune. Wani abokina da ke karatu Ingila ya ce min wai yanzu an daina sayen PS (injin gem na PlayStation), kuɗi kawai za ka riƙa biya duk wata ka buga manyan gem a wayarka ta intanet ko da wayar ba ta da ƙarfi, har bidiyo ya turo min yana buga ƙwallo a waya kamar a talabijin wlh abin ya tafi da ni. To ni na tara dubu 180 ina son in cika in sayi PS4 na hannu, yanzu kuma duk na rikice. Wanga abu ya ci kuɗinshi ko in ci gaba da tarina? Na gode.
Ɗalibi daga Tudun Wada, Gusau

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, abin akwai shi kuma yana aiki, sai dai ya manta ya tuna maka cewa shi yana Ingila kai kana Tudun Wada.

Gem ɗin da ka gani yana bugawa ba a cikin wayarsa yake ba. Yana can cikin wata ƙatuwar kwamfuta a ɗakin sabar kamfanin, shi hoto kawai ake turo masa kamar mai kallon bidiyo kai tsaye, duk maɓallin da ya danna sai saƙon ya tafi can, injin ya aikata, sannan hoton ya dawo. Kamar dai tuwonka yana gidan maƙwabta ne, duk loma ɗaya sai ka aiki yaro ya ɗebo. In katanga ɗaya ce tsakaninku babu laifi, za ka ƙoshi. In kuwa gidan yana Damba kai kana Tudun Wada, to ka san sauran.

Manyan masu wannan harka uku ne. Akwai Microsoft da Xbox Game Pass ɗinsu, wanda suka fara a 2017 suka ƙara masa bugawa ta intanet a Satumbar 2020. Akwai NVIDIA da GeForce Now, su kuma inji kawai suke ba ka haya, yawancin gem ɗin sai ka saye shi da kanka a kantunan gem na intanet irin su Steam ko Epic tukuna, mutane da yawa ba su san wannan ba sai sun biya. Sai Sony da PlayStation Plus, matakinsu na sama da suke kira Premium. Babban matakin Game Pass, wato Ultimate, dala 14.99 ne a wata da farko, ya koma 16.99 a 2023, ya koma 19.99 a 2024, a Oktoban 2025 kuma suka maka shi 29.99. Farashin ba ya zama wuri ɗaya don haka ka duba na ranar da kake karanta wannan, amma ɗauki wancan na 29.99 ka buga a dala naira 1,500, ka ga wajen naira 45,000 ke nan a wata guda, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Dubu 180 ɗinka wata huɗu ne cif, ranar farko ta wata na biyar ba ka da gem ba ka da kuɗi.

Kuma wlh wannan shi ne ƙaramin kuɗin. Babban yana wajen data. Microsoft da kansu suka ce a waya ana son intanet mai gudun megabit 10 a sakan, NVIDIA suka ce 15 in kana son hoto matsakaici, 25 in kana son mai kyau sosai. Ɗauki biro mu yi lissafi, ba sai ka yarda da ni ba: megabit 10 sau sakan 3,600 da ke cikin awa, ka raba da 8, ya ba ka giga 4.5 a awa ɗaya. Na 15 ɗin giga 6.75. Ka ce awa biyu kawai za ka riƙa yi kullum bayan isha'i (kuma mu duka mun san ɗan gem bai san awa biyu ba), giga 9 a rana, 270 a wata. Ko a ce rabin haka yake ja, 135 ne. Yanzu duba nawa kake sayen giga ɗaya tun bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a farashin kira da data a Janairun 2025, ka ninka. Abokinka yana ɗaki da waifai marar iyaka, ko ya kwana yana bugawa kuɗinsa ɗaya ne a wata, kai kuwa kowane minti mita ce ke juyawa a kanka.

To a ce ma kuɗin ba damuwarka ba ne, babanka ne mai gidan mai. Saura nisa, shi kuma kuɗi ba ya maganinsa. 'Yan gem suna ce masa fing, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, da milisakan ake auna shi. NVIDIA sun ce kada ya wuce 80, in so samu ne ƙasa da 40. Haske a cikin wayar faiba kilomita 200 yake ci a milisakan ɗaya, Legas zuwa Landan wajen kilomita 5,000 ne, zuwa da dawowa 10,000, milisakan 50 sun tafi ke nan tun ba a je ko'ina ba, kuma wannan in da a miƙe aka ja wayar kamar da rula, alhali ta ƙarƙashin teku take zagayawa ta gaɓar Afirka ta Yamma. Ba a sa tafiyar Gusau zuwa Legas ba, ba a sa tsakanin wayarka da ƙarfen sabis na unguwarku ba, wanda da magariba kowa ya hau TikTok a kansa.

Ni na gwada, ba labari aka ba ni ba. Wani dare wajen ƙarfe biyu na tashi musamman don lokacin sabis ya fi sakewa, na kunna VPN, manhajar da ke sa a ga kamar daga wata ƙasa kake, na shiga ɗaya daga cikin kamfanonin nan uku, ba zan kama suna ba, na haɗa hannun gem da waya na jingina ta da filo. Gaskiya minti biyar na farko har murmushi nake ni kaɗai, hoto tas kamar a taɓa. Da aka fara wasa sai na ga abin. Ɗan wasana ya kai bakin raga, na danna shot, yana nan yana gudu da ƙwallo kamar bai ji ni ba, sai da mai tsaron baya ya zo ya kwashe ta sannan bawan Allah ya ɗaga ƙafa ya daki iska. Can kuma hoton ya dagule ya koma kamar tsohon bidiyon biki, ba ka gane ɗan wasa da alƙalin wasa. Ban kai awa ɗaya ba saƙo ya shigo wai datata ta kusa ƙarewa, wadda na saya da niyyar ta kai ni ƙarshen mako. Uwargida da ta farka ta ganni zaune cikin duhu ina tsaki, cewa ta yi "Malam lafiya?" na ce lafiya lau bincike nake.

Ka lura na ce VPN. Dalili, Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Microsoft ta buɗe wa bugawa ta intanet, Sony kuwa ko kantinsu na PlayStation ba su buɗe da sunan Najeriya ba, shi ya sa mai PS a nan za ka ga akawun ɗinsa na wata ƙasa ne, kamar Amurka ko Ingila. VPN kuma zagaye yake ƙara wa tafiyar, ga shi in an samu matsala ba ka da bakin kai ƙara tunda ta taga ka shiga.

Sannan haya haya ce. Gem yana shiga jerin yana fita, GTA V ya shiga Game Pass ya fita ba sau ɗaya ba, kana tsakiyar labari sai ka wayi gari an ɗauke. Kamfanin ma kansa yana iya naɗe tabarmarsa. Google da girmansa ya buɗe Stadia a Nuwamban 2019, ya rufe shi a Janairun 2023. Sun mayar wa mutane kuɗin gem da na na'urar da suka saya, a yaba musu, amma wurin wasan ya tafi.

Ci gaba da tarinka ƙanena. Sayi PS4 ɗinka, ka je da wanda ya san kan abin ya duba maka fanka da hannu da inda faifai ke shiga, a kunna a bar shi ya yi zafi a gabanka kafin ka ƙirga kuɗi. Ranar da ka gaji da shi ko kuɗin makaranta ya matse ka, ka sayar ka sami wani abu. In kuma zuciyarka ta ƙi kwanciya sai ka ɗanɗana, GeForce Now yana da matakin kyauta na awa ɗaya-ɗaya bayan ka bi layi, gwada wannan da datar kwana ɗaya ka gani da idonka, kar ka fara da biyan wata.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Yarona ɗan shekara 14 ya dame ni in ba shi katin ATM ɗina wai zai yi rajistar gem, ya ce sau ɗaya za a cire kuɗi kaɗan shi ke nan. Ni ban san kan abubuwan ga ba, babansu kuma ba ya gari. In ba shi?
Wata uwa daga Ƙauran Namoda

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su. Kar ki ba shi. Ba wai yaron maƙaryaci ba ne, mai yiwuwa shi ma haka ya fahimta, amma irin wannan rajista sabunta kanta take yi, duk wata za su cira da kansu har sai an shiga an kashe, kuma sau da yawa watan farko ne mai araha, na biyu cikakken kuɗi ne a dala. Ga kuma sayen koyin, wato kuɗin wasa na cikin gem, wanda in kati yana maƙale danna biyu ne kuɗi sun fita, ke sai dai ki ji alat kina tsakar girki.

Ki zaunar da shi ki tambaye shi sunan gem ɗin. In eFootball ne ko Call of Duty Mobile ko PUBG ko Free Fire, waɗanda su ne yaranmu suka fi bugawa a waya, duk kyauta ake sauke su, ba sa buƙatar kuɗin wata, abin da yake so ya saya kwalliya ce ko 'yan wasa. In kin ga ya cancanta, misali ya yi ƙoƙari a jarrabawa ko ya kai hizifin da kuka yi alkawari, akwai katin kyauta mai ƙayyadadden kuɗi da ake sayarwa, a sa wani babba a gidan ya saya masa, in ya cinye ya cinye. Katinki da lambobin bayansa kuwa su zauna a jakarki, ko hotonsu kar ya ɗauka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina da gidan gem, talabijin huɗu PS huɗu da ɗan janareto. Injinan sun tsufa kullum gyara. Wani ya ba ni shawara in saida su in sa Starlink in riƙa biyan na intanet ɗin nan, wai gem ɗari-ɗari zan samu. Mi ka gani?
Mai gidan gem, Talatar Mafara

AMSA: Maigida barka kadai. Tambaya ɗaya zan yi maka, a cikin gem ɗari-ɗarin nan guda nawa yaran da ke zuwa wurinka suke tambaya? Ni dai duk gidan gem da na leƙa daga Gusau har Mafara ƙwallo ce, sai ɗan dambe da kokawa jefi-jefi. Mutum biyu ne zaune kan benci ɗaya, an sa musu minti, na baya suna jiran layi suna ihu. Irin wannan wasan a injin da ke gabansu ya fi daɗi, danna ka gani nan take, kuma ranar da wani ya ci wani saboda hoto ya tsaya, kai za ka raba faɗan kuma kai za ka mayar da kuɗi. Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, ya shigo Najeriya tun Janairun 2023 kuma yana da gudu ba musu, amma bai matso da sabar kamfanonin nan kusa da Mafara ba, ga kuɗinsa na wata, ga rajista huɗu don talabijin huɗu, rajistar ma don amfanin mutum ɗaya aka yi ta ba don kasuwanci ba.

Kuma kai ɗan Zamfara ne, ba sai na tuna maka Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe sabis a jihar nan gaba ɗaya saboda matsalar tsaro, mutane suna shiga mota zuwa Funtuwa don kawai su yi kira ko su tura kuɗi. A waɗancan makonnin wani gidan gem da ke bayan layinmu cika yake maƙil tun daga la'asar, don yara ba su da abin latsawa a waya, mai wurin ba abin da yake nema sai fetur. Ka sayar da biyu mafi tsufa, ka cika ka ɗauko ɗaya mai lafiya, sauran biyun a buɗe su a busa musu ƙura a canja man da ke kan injin, harmatan ɗin nan ne ke kashe su. Ka rubuto min bayan wata ɗaya in ji yadda fankar take kuka.