Tambaya da Amsa: Wace Makarantar Kuɗi Ta Dace da 'Yar Shekara Huɗu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyu, muna zaune a Rijiyar Zaki cikin Kano, kuma babbar 'yata za ta cika shekara huɗu kafin a koma makaranta a watan Satumba. Ni da maigidana mun yarda a sa ta a makarantar kuɗi, amma mun kasa daidaitawa a kan wacce. Akwai wata babba a can unguwar Nasarawa, mai bene da motocin ɗaukar yara, an rubuta Montessori a allon ƙofarta, kuma an ce manhajar Ingila suke bi, yaransu ba sa magana sai da Turanci. Akwai kuma wata ƙarama a bayan layinmu wadda take haɗa boko da haddar Alƙur'ani, kuɗinta bai kai sulusin na waccan ba. Maigida ya fi karkata ga babbar, yana cewa ko da bashi ne zai biya, ni kuwa nisan ne yake damuna. Don Allah me ya kamata mu duba kafin mu yanke shawara?

Wata uwa, daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya raya ta ya yi mata albarka. Na karanta wasiƙarki da kyau, na ga kin ambaci bene da mota da allon ƙofa da kuɗi da nisa, amma ba ki ce komai ba game da matar da za ta zauna da 'yarki tun daga ƙarfe takwas na safe har zuwa azahar, kwana biyar a mako. Ga yarinya 'yar shekara huɗu, wannan malamar ita ce makarantar, domin a bakinta za ta koyi haruffa, a fuskarta kuma za ta gane ko aji wurin tsoro ne ko wurin sakewa. Saboda haka ba zan ce miki ga wadda ta fi ba alhali ba ku shiga ajin ko ɗaya daga cikinsu ba, sai dai in faɗa miki abin da za ki je ki gani da idonki.

Ki je kowace makaranta a ranar karatu ta yau da kullum, ba ranar biki ko ranar raba sakamako ba, kuma ki isa wajen ƙarfe goma, lokacin da ɗokin safiya ya wuce, gajiya ta fara shigar yara da malamai. Ki roƙi shugabar makarantar ta bar ki ki zauna a bayan ajin da za a sa 'yarki na rabin sa'a. Makarantar da ta zagaya da ke ɗakin kwamfuta da filin wasa amma ta hana ki wannan zama, ta riga ta ba ki rabin amsa. Idan kin shiga, ki fara ƙirga kawuna. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 25 a matakin nazare, da malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma makarantar da take karɓar kuɗin iyaye ba ta da hujjar wuce wannan adadi. Daga nan ki lura da yadda malamar take kiran yaran, ko da sunayensu ne ko da "ke" da "kai", ki ga abin da take yi idan yaro ya yi kuskure ko ya yi fitsari a wando, ki duba ko akwai bulala a kan teburinta. Yaran da suke ɗaga hannu suna tambaya, har su yi ɗan surutu, sun fi kwantar mini da hankali a kan ajin da ya yi tsit kamar an ɗauke ruwa saboda baƙuwa ta shigo.

Bayan yara sun fita hutu, ki gaisa da malamar, ki tambaye ta cikin ladabi shekararta nawa a makarantar. Wannan tambaya tana tona asirin da ofishin shugaba ba zai taɓa faɗa miki ba. Inda malamai suke sauyawa kowane zango, galibi albashi ne ba ya isa ko ba ya zuwa a kan kari, kuma tsadar kuɗin makaranta ba ta nuna cewa kuɗin yana isa hannun malamai, domin sau da yawa fenti da motoci da hayar gini ne suke cinye shi. Ki tambayi shugabar ko malaman ƙananan azuzuwa suna da takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya, da kuma rajistar hukumar TRCN da aka kafa a 1993 don tantance malamai. Akwai wata al'ada da na daɗe ina adawa da ita, wato a tura malamin da ya fi ƙwarewa ajin ƙarshe saboda jarrabawa, a bar nazare a hannun yarinyar da ta gama sakandare bara tana jiran sakamakon JAMB, alhali koya wa yaro karatun farko ya fi kowane aiki a makarantar wuya.

Abu na gaba shi ne ki ga abin da makarantar take fitarwa. Ki tafi da ƙaramin littafin labari na Turanci wanda ba ya cikin littattafansu, ki nemi izini ki ba yara biyu ko uku na aji uku na firamare su karanta miki shafi ɗaya, sannan ki ce su ba ki labarin da Hausa. Yaro yana iya rera waƙoƙin Turanci da jero sunayen jihohi 36 da manyan biranensu ba tare da ya iya haɗa baƙi da wasali ba, kuma iyaye da yawa wannan haddar ce take ruɗarsu har sai yaro ya kai aji huɗu sannan a gane ba ya karatu. Ki buɗe littattafan rubutun yaran ki ga ko ana duba su, ko kuwa jan biro ne kawai ake ja a wuce.

Wannan ya kawo mu batun Turanci, wanda nake zaton shi ne ya fi jan hankalin maigidanki. Babu mai musun cewa yarinyar tana bukatar Turanci mai kyau, tunda da shi za ta rubuta dukkan manyan jarrabawowinta. Amma hana yaro magana da harshen gidansu, har a ci shi tara ko a buge shi don ya yi Hausa, ba shi ne hanyar samun Turancin ba. An gwada wannan batu a ƙasar nan tun tuni. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa na Jami'ar Ife ya jagoranci wani shiri inda aka koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarbanci na tsawon shekara shida, ana koya musu Turanci a matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai, kuma sakamakon ya nuna cewa yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun ma fi su a wasu darussan. Abin da za ki nema shi ne malamar da Turancinta yake da tsabta, wadda kuma ba ta jin kunyar juyawa Hausa idan ta ga yaro bai fahimta ba.

Kalmar Montessori kuwa kowa yana iya rubuta ta a allo. Sunan wata likita ce 'yar Italiya, Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, kuma tsarinta yana da alamomin da ido yake gani: yara 'yan shekara uku zuwa shida a aji ɗaya, kayan koyo na katako da duwatsun ƙirga a jere kan kantoci daidai tsawon yaro, kowa ya ɗauki aikin da ya zaɓa ya yi shi a tabarma ko ƙaramin tebur, malama tana zagayawa tana nuna musu. Idan kin tarar da benci a jere, malama a gaban allo, yara suna maimaita abin da ta faɗa, to suna ne kawai kuke biya. Haka ma batun manhajar Ingila. Ki tambaye su ko suna haɗa ta da manhajar hukumar NERDC, wadda take tsara manhajar makarantun Nijeriya, domin idan kuna da burin yarinyar ta shiga ɗaya daga cikin kwalejojin 'yan mata na gwamnatin tarayya, irin na Minjibir ko Kazaure ko Bakori, jarrabawar shiga da NECO take shiryawa a kan manhajar Nijeriya aka gina ta.

Kada ki ɗauka na riga na zaɓa miki ƙaramar, don ita ma tana da nata tambayoyin. Makarantun da suke haɗa boko da hadda sun yi yawa a Kano, wasu suna aiki na gaske, wasu kuma suna tsare yara tun safe har bayan la'asar a gidan haya mai ɗakuna huɗu wanda ba shi da wurin da yaro zai yi gudu. 'Yar shekara huɗu tana bukatar wasa da barcin rana kamar yadda take bukatar karatu. Ki tambayi wanda yake ba da haddar, a wurin wa ya yi karatu, da yadda ake raba lokaci tsakanin ɓangarorin biyu, domin sau da yawa ɗayan yakan cinye ɗayan.

Akwai abin da ba na sassauci a kansa ko a babbar ko a ƙaramar, wato lafiyar yarinyar da tsaronta. Ki nemi ganin takardar rajistar makarantar daga hukumar kula da makarantu masu zaman kansu ta jihar. Mutanen Kano ba su manta da abin da ya faru a farkon 2022 ba, lokacin da aka gano cewa mai wata makarantar kuɗi ne ya sace ɗalibarsa 'yar shekara biyar ya kashe ta, abin da ya sa gwamnatin jihar ta janye takardun izinin makarantun kuɗi don a sake tantance su. Saboda haka ki bincika wane ne mai makarantar, abin da mutanen unguwa suke cewa game da shi, da kuma ƙa'idar da ake bi wajen sallamar yara idan an tashi: shin duk wanda ya zo ya ambaci sunan yarinya sai a miƙa masa ita? Ki shiga banɗakin yara da kanki, ki ga ko akwai ruwa, ko na mata daban yake, kuma ko mace ce take raka ƙananan. Bene ma abin dubawa ne, tunda a Yulin 2024 ginin wata makarantar kuɗi ya rufta a Jos ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu. Ƙananan yara a ƙasa ya kamata ajinsu ya kasance.

Damuwarki game da nisa tana kan hanya. Daga Rijiyar Zaki zuwa Nasarawa ratsa gari ne, kuma motar makaranta ba kai tsaye take tafiya ba, sai ta bi gida-gida. Ma'ana za a tashi yarinyar tun da asuba, ta karya a gurguje, ta dawo a gajiye bayan sauran yaran layi sun tafi Islamiyya, kuma ranar da zazzaɓi ya kama ta a aji sai kin keta birni kafin ki isa gare ta.

Batun bashi kuwa, a gaya wa maigida cikin girmamawa cewa ba kuɗin zangon farko ne abin lissafi ba. Shekara biyu na nazare da shida na firamare zango 24 ke nan, ga ƙaninta ko ƙanwarta tana tafe, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 iyaye sun ga yadda kuɗin makaranta da na mota suke hawa. Ku nemi a rubuta muku dukkan abin da za ku biya a shekara, har da yunifom da littattafai da lesin da kuɗin bikin ƙarshen zango, sannan ku tambayi iyayen da suka daɗe a can sau nawa aka yi ƙari. Korar yarinya daga aji a gaban ƙawayenta saboda ba a biya ba, ko cire ta a tsakiyar shekara a mayar da ita wata makarantar, yana yi mata illar da babu Turancin da zai rama.

Ra'ayina shi ne, idan ƙaramar ta tsallake gwajin malama da karatun 'yan aji uku da tsaro, ku sa ta a can, ku yi amfani da rarar kuɗin wajen saya mata littattafan labari da tanadin sakandare. Idan ta faɗi gwajin, wannan bai wajabta muku babbar ba, domin tsakanin Rijiyar Zaki da Kabuga akwai makarantu da dama da ba ku leƙa ba. Kuma ki roƙi maigida ku yi ziyarar tare, gani ya kori ji.

TAMBAYA

'Yata tana aji huɗu a wata makarantar kuɗi, shekararta takwas, kuma tana da ƙoƙari sosai. Makarantar ta ba da shawarar ta rubuta jarrabawar shiga sakandare a bana, ta tsallake aji biyar da shida. In amince?

Wani uba, daga Zariya

AMSA

Malam, shawarata ita ce kada ka amince. Makarantun kuɗi da yawa sun mayar da wannan tsallake al'ada, har wasunsu ba su da aji shida kwata-kwata, musamman waɗanda suke da nasu ɓangaren sakandare da suke son cikawa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tsara shekara shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kuma a aji biyar da shida ne ake zaunar wa yaro da lissafin ɓangare da na kaso cikin ɗari da rubutun insha'i, waɗanda darussan sakandare suke hawa a kansu. Yaro mai kaifin hadda yana iya cin jarrabawar shiga ba tare da su ba, sai giɓin ya bayyana daga baya a darasin lissafi da kimiyya.

Ka kuma yi lissafin shekaru. Idan ta shiga sakandare tana da takwas, za ta gama tana da 14, alhali ƙa'idar da ake bi a yanzu ita ce sai ɗalibi ya kai 16 kafin a ba shi gurbi a jami'a, in ban da 'yan kaɗan da ake yi wa tantancewa ta musamman. Shekara biyun da kuke ganin kun ci riba a gida za ta zauna su, bayan ta yi shekara shida a cikin 'yan matan da suka girme ta a jiki da wayo, wanda ba ƙaramin nauyi ba ne ga yarinya, balle idan makarantar kwana ce. Idan makarantar ta ce ba ta da aji biyar ko shida da za ta sa ta, ka nemi takardar canji tun kafin hutun ƙarshen shekara, ka mayar da ita inda ake kammala firamare.