Mita 1.2 a Daƙiƙa 16 Ba Ƙaramin Ruwa Ba Ne

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce: "Maigida, manhajar hasashe ta nuna ranar Asabar igiyar ruwa mita 1.2 ce da tazarar daƙiƙa 16 daga kudu maso yamma, Lahadi kuma mita 1.8 da tazarar daƙiƙa 6, iska na busowa daga teku. Ina ganin mu shigar da sababbin ɗalibai Asabar tunda ruwan ƙarami ne, mu kuma mu sha hawa ranar Lahadi. In aika musu su shirya?"

Kada ka aika tukuna. Ka karanta lambar farko ka tsaya, alhali ta biyun ce ke ɗauke da maganar. In ka sa wanda bai iya tsayuwa a kan allon hawan igiyar ruwa ba cikin ruwan Asabar ɗin nan, wuni za ka yi kana tsamo mutane. Lahadin da kake kwaɗayi kuwa ruwa ne hargitsattse, ba zai bar ka ka miƙe a kan allo ba balle ka juya shi.

Mita 1.2 ɗin da ka gani ba tsayin igiyar da za ta fashe a gabanka ba ne. Awo ne na can cikin teku mai zurfi, inda igiya ba ta taɓa ƙasa ba. Kuma ba tsayin babbar cikinsu ba ne. Masu awo sukan ɗauki kashi ɗaya cikin uku na igiyoyin da suka fi tsayi su fitar da matsakaicinsu, shi ne lambar da ake rubuta maka. Ke nan a cikin sa'o'in nan akwai igiyar da za ta zo ta kusa ninka wannan lambar, kuma ba ta sallama kafin ta iso.

Tazara ita ce daƙiƙoƙin da ke tsakanin wucewar kan igiya ɗaya da na mai bi mata. Ka riƙe wannan lissafin, don da shi za ka ci abinci a sana'ar nan. A ruwa mai zurfi, in kana son tsawon igiya daga kai zuwa kai, ka ninka tazarar da kanta, sannan ka ninka da 1.56. Mai daƙiƙa 6 tsawonta mita 56 ne. Mai daƙiƙa 16 ta kusa mita 400. Igiya kuma tana motsa ruwan da ke ƙarƙashinta har zuwa zurfin da ya kai rabin tsawonta. Ta Lahadi sai ta shigo ruwan da bai fi mita 28 ba take jin ƙasa. Ta Asabar tun a zurfin mita 200 ta fara jin ƙasa, gaɓar ma ba ta bayyana ba. Duk wannan ruwan da take turowa, in ta iso wuri marar zurfi gabanta ya rage gudu, bayanta ya taho ya cim masa, ba shi da wurin zuwa sai sama. A nan ne mita 1.2 ke miƙewa ta doshi mita 2, ta yi bango mai kauri, ta kifo da nauyi.

In kana son kwatanta ƙarfin kwana biyun a takarda, ninka tsayin da kansa, ka ninka da tazarar. Asabar za ta ba ka 23, Lahadi 19. Wadda ka raina ta fi ƙarfi, kuma nata ƙarfin a tattare yake cikin igiyoyi kaɗan masu tsari, na Lahadi a warwatse yake cikin ɗaruruwan 'yan tsalle-tsalle da ke karo da juna.

Abin da ya fi ba ni tsoro ga ɗalibi a irin ruwan Asabar shi ne shirun da ke tsakani. Igiya mai doguwar tazara jeri-jeri take zuwa. Sai huɗu ko biyar su taho a jere, sannan teku ya kwanta luf na minti goma ko fiye. Wanda bai sani ba ya zo a lokacin shirun, ya ga ruwa sumul, ya tura allonsa ya yi nisa, sai ya ɗaga kai ya ga layin duhu ya taso daga can. Shi ya sa ba na yarda kowa ya shiga ruwa irin wannan sai ya zauna a kan yashi ya ga jeri biyu ko uku sun fashe da idonsa.

Bambancin igiyoyin biyu daga mahaifarsu yake. Iska ce ke haifar da igiya, kuma abu uku ke yanke girmanta: ƙarfin iskar, tsawon lokacin da ta ɗauka tana busawa, da faɗin ruwan da ta bi ta kansa ba tare da ta sauya fuska ba. Mai daƙiƙa 6 'yar gida ce, iskar da ke kaɗa maka riga ita ta tayar da ita a nan kusa. Mai daƙiƙa 16 sai babbar guguwa da ta kwana tana busawa a kan ɗaruruwan kilomita, can nesa inda ba za ka ga ko girgijenta ba. A hanya ƙananan igiyoyi suke mutuwa, manyan su jeru.

Gudunsu ma a tazarar yake. Ninka daƙiƙoƙin da 2.8, ka samu kilomitan da jerin ke ci a sa'a ɗaya. Mai daƙiƙa 20 tana cin kilomita 56, mai 16 tana cin 45, wato sama da kilomita 1,000 a kwana guda, mai 14 kuma 39. Kamar ayarin fatake ne, masu dogon taki su ke riga kowa sauka a zango. In guguwar tana nisan kilomita 3,000, masu daƙiƙa 20 za su iso cikin sa'o'i 54, masu 14 sai bayan sa'o'i 77. Don haka in ka ga ranar Juma'a da yamma awo ya nuna 'yar igiya ta rabin mita amma tazararta 19 ko 20, ka san goshin abin ne ya iso, gangar jikin na tafe. In kuma ka ga tazara tana sauka, 16, 14, 12, ruwan ya fara tsufa ke nan, gobe zai fi yau sauƙi.

Wannan ilimin ba don masu wasa da allo aka fara shi ba. A Yaƙin Duniya na Biyu, Harald Sverdrup da Walter Munk na cibiyar nazarin teku ta Scripps a Kalifoniya suka tsara hanyar hasashen igiya saboda sojojin ƙawance su san ranar da ƙananan jiragensu za su iya sauke mutane a gaɓa, kuma an yi aiki da irin wannan hasashen a saukar sojoji a gaɓar Nomandi ta Faransa a 1944. A 1963 Munk da abokan aikinsa suka kafa tashoshin awo tun daga New Zealand har Alaska, suka bi sawun igiyoyin da guguwar kudancin duniya ta haifa, suka same su sun ratsa tekun Pasifik gaba ɗaya, fiye da kilomita 10,000. Shi ya sa gaɓar da ke fuskantar kudu take samun rabonta daga watan Mayu zuwa Satumba, lokacin sanyin kudancin duniya, yayin da Portugal da Maroko da arewacin tsibirin Oahu a Hawai suke jiran nasu daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Sai fuskar da igiyar ta fito. Kudu maso yamma magana ce mai faɗi, ka duba digirin, wato lambar da ke nuna ainihin kusurwar da ta fito. Gaɓa tana da ƙofar da igiya ke shigo mata, in tsibiri ko hancin dutse ya tare wani gefe, digiri goma kaɗai na iya raba ranar aiki da ranar zaman banza. Sai dai mai doguwar tazara ta iya kwana. Tunda tana jin ƙasa tun daga nesa, takan lanƙwasa ta zagaye hancin dutse ta shigo lungun da mai gajeriyar tazara ba za ta taɓa shiga ba. Saboda haka kada ka ce za ka kai ɗalibai wurin da dutse ya kare ranar Asabar ka ɗauka ka tsira.

Ƙasan teku ne ke gama aikin. Dubi Nazare a Portugal. Akwai wani kwazazzabo a ƙarƙashin ruwa, zurfinsa ya kai wajen mita 5,000 a can ciki, bakinsa kuma ya zo har daf da gaɓa. Igiyar da ta biyo ta cikinsa ba ta rage gudu, ta gefe kuwa ta rage, sai su haɗu su hau kan juna. A can ne Sebastian Steudtner ya hau igiya mai mita 26.21 a watan Oktoba na 2020. A rana guda, 'yan kilomita kaɗan daga wurin, ruwan bai kai ko kusa da haka ba. Kowace gaɓa tana da nata ƙaramin sirri irin wannan, kuma ba ya cikin waya.

Manhajojin nan kusan duk daga rijiya ɗaya suke ɗiba, wato lissafin kwamfuta irin WaveWatch III na hukumar NOAA ta Amurka da na cibiyar hasashen yanayi ta Turai. Lissafin yana yanka teku gida-gida, kowane gida faɗinsa kilomita da yawa, don haka tudun yashin ƙarƙashin ruwa da igiyar da muke hawa ke fashewa a kansa bai san da zamansa ba. Ni kwana uku nake ba shi amana. Daga na huɗu zuwa na bakwai ina sauraronsa da kunne ɗaya. Abin da ya wuce mako guda hira ce, domin guguwar da ake lissafawa wataƙila ba ta ma taso ba. Abin da na fi yarda da shi shi ne na'urar awo da aka ɗaure tana iyo a cikin teku, ita ba hasashe take yi ba, abin da ya wuce ta ƙarƙashinta take faɗa. Kuma ka daina tsayawa a babbar lambar da ke saman shafi. Buɗe ka ga rabe-raben. Na tabbata ranar Lahadi za ka tarar da ragowar igiyar Asabar, mai daƙiƙa 13 ko 14, tana kwance ƙarƙashin hargitsin iskar. Wannan haɗin ne ke yaudarar mutum, yana fama da ƙananan sai babba ta fito daga tsakiyarsu.

Iska kuwa ka san ta. In ta buso daga tudu zuwa teku takan riƙe fuskar igiya ta gyara ta, in ta buso daga teku ta danne kanta ta rushe tun ba ta miƙe ba. Da rana ƙasa tana riga ruwa zafi, iskar teku ta shigo. Da dare ƙasa ta riga hucewa, iskar ta juya. Dalilin sammakonmu ke nan. Amma iskar tudu mai ƙarfi, wadda gwanaye ke murna da ita, abokiyar gabar ɗalibi ce. Allon koyo babba ne marar nauyi, iska za ta yi ta tura shi ciki shi bai ankara ba.

Ban ga ka ambaci cikowa da janyewar teku ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya dame ni fiye da kuskuren tazarar. A mafi yawan gaɓoɓi ruwa yana cikowa sau biyu a kwana, tsakaninsu sa'a 12 da minti 25, kullum kuma yana jinkirta da kusan minti 50. Lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu yakan ciko sosai ya janye sosai, ranar bakwai da ta ashirin da biyu ga wata kuma bambancin kaɗan ne. Igiya tana fashewa ne in zurfin ruwa ya ragu zuwa kusan tsayinta sau 1.3, wato mai mita 1.5 a ruwan mita 2 take kifewa. To ka ga in teku ya janye ƙwarai, a kan yashi marar zurfi za ta rufto gaba ɗaya lokaci guda, allo ya karye ko wuya. In ya cika maƙil, sai ta wuce tudun ba ta fashe ba ta zo ta doki bakin gaɓa. A gaɓar yashi na fi son tsaka-tsaki, ruwa yana cikowa.

Bayan babban ruwa irin na Asabar da Lahadi yashin ƙasa zai tashi daga inda ka san shi. Ruwan da igiya ta turo gaɓa dole ya koma, sai ya haƙa wa kansa hanya tsakanin tudu biyu ya fita da gudu. Ka nemi wurin da ya fi duhu, ya yi lif, igiya ba ta fashewa, kumfa da tarkace suna tafiya ciki. Ɗalibi can zai nufa don ya ga kamar ya fi lafiya. Ka nuna musu shi da yatsa kafin su jiƙa ƙafa, ka kuma maimaita musu cewa wanda wannan ruwan ya ja kada ya saki allonsa, kada ya yi kokawa da shi, ya bi gefe a layin gaɓa har ya fita daga cikinsa.

Ga yadda za mu yi. Asabar tamu ce da waɗanda suka ƙware, in iskar safe ta yi kyau. Ka riga ni zuwa, ka zauna minti ashirin da agogo a hannu, ka ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakanin igiyoyi, igiya nawa ke cikin jeri, da mintin da ke tsakanin jeri da jeri, ka rubuta a littafi kusa da abin da manhaja ta faɗa. Haka za ka riƙa yi kullum, in ka shekara littafin nan zai gaya maka abin da mita 1.2 daga kudu maso yamma ke zama a wannan gaɓar. Lahadi mu gyara allunan da suka tsage, mu duba igiyoyin da ke ɗaure allo da ƙafa. Ɗalibai kuwa ina hangen Talata da safe, in ruwan ya sauko ƙasa da mita ɗaya, tazara ta dawo 10 ko 11, su tsaya a farin kumfa inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Ka gaya musu Talata muke sa rai, amma tabbaci sai Litinin da yamma, bayan mun taka gaɓar da ruwa a janye mun ga inda yashin ya koma.