Hukuncin kuɗin wata-wata da tsohon miji ya sa wa hannu bayan saki

Tambaya: Malam, mijina ya sake ni bayan shekara 19 da aure, idda ta ƙare. Mun yi sulhu a rubuce cewa zai riƙa ba ni kuɗi duk wata har in yi aure ko in mutu. Ya sa hannu ne bayan lauyana ya shaida masa cewa in aka shiga kotu zai biya fiye da haka. Kawuna ya ce haram nake ci. Mene ne hukunci?

Amsa: Allah Ya sanyaya miki, 'yar'uwa. Rabuwa bayan shekara 19 ba ƙaramin abu ba ne, kuma tambayar nan taki alama ce ta tsoron Allah.

Ciyarwa a iddar sakin kome, da ta mai ciki, da ta 'ya'ya, wajibi ne ba saɓani. Bayan idda kuwa ba kya bin sa ciyarwa. Amma kawunki ya yi gaggawa. Abin da bai wajaba ba yana halatta idan an bayar da daɗin rai, kuma a mazhabar Imam Malik wanda ya ɗora wa kansa alheri to ya lizimce shi, matuƙar bai mutu ko arzikinsa ya karye ba. Rashin sanin ranar da biyan zai ƙare ba ya ɓata shi, domin kyauta ce, ba ciniki ba.

Inda na tsaya shi ne maganar lauya. Idan ya sa hannu ne don tsoron a karɓe masa abin da shari'a ba ta ɗora masa ba, to takardar ba ta halatta miki kuɗin ba. Hadisin Ummu Salama a Buhari da Muslim ya nuna cewa hukuncin alƙali ba ya mayar da haƙƙin wani ya zama naka.

Za ki ji masu cewa aya ta 241 a Suratul Baƙara, wadda ta ambaci mut'a, wato kyautar da miji ke bayarwa bayan saki, ga matan da aka saka, ta wajabta ciyarwa har abada. Ban yarda da wannan ba. Malamai sun yi saɓani kan hukuncin mut'a: Malikiyya sun ce mustahabbi ce, Shafi'iyya sun ce wajiba ce. Amma a wurin dukkansu kyautar sallama ce da ake bayarwa gwargwadon hali, ba albashi ba. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa mafi girmanta hadimi ne, mafi ƙanƙanta tufafi. Sannan ga Faɗimatu bint Ƙais a Sahihu Muslim: an yi mata saki uku, Annabi (SAW) ya ce ba ta da ciyarwa, alhali tana cikin idda. Da ayar na nufin ciyarwar dindindin, ai ita ce za ta fara samu. Tausayin da ya kai su ga wannan fassara gaskiya ne, amma tausayi ba ya ɗora wa mutum wajibin da Allah bai ɗora masa ba.

Ki tura dattijai biyu su tambaye shi ba lauya a wurin. In ya ce ya yarda har zuciya, ki ci halal ɗinki. In ya ce tsoro ne, a sake zama: a ƙirga ragowar sadakinki, da bashin da kike bin sa, da dukiyarki da ta shiga gininsa ko kasuwancinsa, da mut'a mai kauri wadda ta dace da shekarun nan. Na fi son ki karɓi gida ko jari a dunƙule, domin alƙawarin wata-wata yana faɗuwa ranar da ya rasu, ba tilas ba ne magada su ci gaba da biya.

A rubuta kuɗin yara daban, kada a cakuɗa shi da naki. Kada kuma karɓar kuɗi ta zama dalilin keɓewa da shi, yanzu ba muharraminki ba ne. In nagari ya fito, kada ki ƙi aure don tsoron kuɗin ya tsaya.

Allah ne Mafi sani.