Mai kaya ya rubuta "possible": shin ya yi alkawari?

Tambaya: Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Mai masana'antar da nake saro kaya a wurinsa a ƙasar Sin ya rubuto mini cewa kammala kayana cikin kwana 30 "possible" ne, yana kuma neman kafin alƙalami. Shin wannan alkawari ne?

Amsa: Alhaji, bai yi maka alkawari ba. Ma'anar kalmar ita ce "mai yiwuwa", wato babu abin da ya hana a yi, amma babu wanda ya ɗauki nauyin cewa za a yi. Idan kwana 30 suka cika babu kaya, zai ce maka bai saɓa magana ba, kuma bisa abin da ya rubuta, yana da gaskiya.

Turanci yana da wata kalma da ta fi ta ƙarfi, wato "probable", wadda ake amfani da ita idan zaton faruwar abu ya rinjayi zaton rashin faruwarsa. Akantoci ba sa wasa da wannan bambanci: a ƙa'idar lissafi ta duniya mai lamba IAS 37, bashin da ya kai matsayin "probable", idan ana iya ƙiyasta adadinsa, dole ne a shigar da shi cikin lissafin kamfani, amma wanda yake "possible" kawai sai a ambace shi a bayanin da ke biye da lissafin. Idan masu riƙe da littafin kuɗi ba su yarda su gina lissafi a kan wannan kalma ba, ban ga dalilin da zai sa ka gina kasuwar Sallarka a kanta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Sabuwar shekarar Sinawa tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu kan rufe, ma'aikata su tafi garuruwansu, kuma kwana 30 ɗin na aikin masana'anta ne kawai. Tafiyar jirgin ruwa zuwa tashar Apapa da ke Legas, da fitar da kaya daga hannun kwastan, da hawowa Kano, duk suna nan gaba.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Kafin ka tura ko sisi, ka sa a rubuta takamaimiyar ranar ɗora kaya a jirgi cikin takardar cinikin, da kalmar "shall" ko "will", wato "za a yi", tare da adadin da za a rage maka a kan kowane mako na jinkiri. Ragowar kuɗin kuma ka riƙe su sai ka ga takardar shaidar lodin jirgi.