Tambaya da Amsa: Gyaran Tsohon Ƙaramin Injin Yankan Itace Kafin a Sayar da Shi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na san tambayoyin waya da kwamfuta aka fi aiko maka, amma a taimaka mini. Na sayi tsohon ƙaramin injin yankan itace mai sarƙa, ƙirar Stihl MS 170, wanda mai shi ya ce ya fi shekara biyu a ajiye. Idan na ja cok yana tashi, sai ya ɗan yi ƙara ya mutu. So nake in gyara in sayar. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba ka yi kuskuren aikowa ba, ɗan'uwa. Amma kada ka sayi ko da fulogi ɗaya tukuna. Fara kwance salansa, ka haska fitilar wayarka cikin ramin da hayaƙi ke fita, sannan ka ja igiya a hankali. Za ka ga jikin fistin da ringi suna wucewa. Idan jikin sumul yake, ringin kuma bai maƙale ba, to ka yi sa'a. Idan kuwa ka ga zane-zane masu zurfi daga sama zuwa ƙasa, kamar an karce shi da ƙusa, injin ya taɓa cin wuta: ko dai an zuba masa zallan fetur, ko kuma iska ta fi mai yawa a cikinsa. Injin nan ƙarami ne, girman silindarsa cc 30 ne, nauyinsa wajen kilo 4, kuma yana cikin masu araha a kayan kamfanin. Sauya masa fistin da silinda na asali kan iya cinye ribar da kake hange kaf. A irin wannan hali na fi son ka sayar da shi a matsayin kayan gyara, ka faɗi abin da ka gani.

In fistin lafiya yake, abin da ka bayyana ciwon mai ne, kuma shi ne ciwon da ya fi kama injin da aka daɗe da ajiyewa. Fetur idan ya kwana watanni a tanki, sashensa mai sauƙi yana tashi ya bar danƙo. Danƙon ya toshe 'yan ƙananan hanyoyin kafireto, 'yar robar da ke buga mai a ciki kuma ta bushe ta sandare. Cok yana tare iska don injin ya zuƙi mai da ƙarfi, shi ya sa yake tashi da shi, da ka sake shi kuma sai ya mutu. Zubar da tsohon man gaba ɗaya. Lanƙwasa waya ka zaro filtar da ke ƙarshen tiyo a cikin tanki, ka sauya ta. Matsa tiyon da yatsa: idan ya tsage ko ya yi laushi yana manne wa hannu, shi ma ya tafi. Sai kafireton: kwance, wanke, ka sa sababbin robobi da gaskit. Akwai suna da lamba a jikinsa, galibi Zama ko Walbro a irin waɗannan injuna, da su za ka nemi kayan da suka dace. Ɗauki hoto da waya a duk matakin kwancewa, domin jera roba da gaskit a baibai kaɗai ya isa ya hana inji tashi.

Fulogi ba shi da wahala: goge shi, ka daidaita tazarar bakinsa zuwa milimita 0.5. Wanke filtar iska. In akwai 'yar raga a bakin salansa, kankare baƙin da ya toshe ta.

Haɗin mai kuma kashi 50 na fetur ne ga kashi 1 na man inji mai bugu biyu, wato mililita 20 a lita ɗaya, mililita 100 a lita biyar. Ban da baƙin man mota. Bayan ya tashi, ka saurare shi. Idan yana ɗaga murya shi kaɗai ba ka taɓa komai ba, ko ƙararsa na sauyawa idan ka karkata shi gefe, iska ce ke shiga ta wata kafa, kuma sau da yawa robobin da ke rufe ƙarfen tsakiyar injin ne suka gaji. Kashe shi ka kai wa makanike ya gwada. Ci gaba da aiki a haka ne ke jawo zanen fistin da muka fara magana a kai.

Tambaya: Malam, nawa injin yana tashi lafiya, amma ba ya cin itace sai na danna da ƙarfi, kuma yankan yana karkacewa. Sai na sayi sabuwar sarƙa kafin in sa shi a kasuwa?

Amsa: Dubi abin da yake zubarwa. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take fitarwa manya-manya, dakusasshiya kuwa gari take yi. Karkacewa kuma na nufin haƙoran gefe ɗaya sun fi na ɗayan tsawo ko kaifi. In haƙoran da sauran jiki, wasawa ta wadatar. Yawancin ƙananan injuna suna ɗauke da siririyar sarƙa mai lamba 3/8, wadda ake wasawa da zagayayyen magagari mai kaurin milimita 4, a kusurwar digiri 30. Tura magagarin daga ciki zuwa waje, kowane haƙori a yi masa adadi ɗaya. Mutane kan manta da ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori, alhali shi ke ƙayyade zurfin cizo; ya kamata ya gaza haƙorin da kimanin milimita 0.65. Kada ka rage shi fiye da haka don neman saurin yanka, sarƙar za ta riƙa fizga.

Ƙarfen da sarƙa ke zagayawa ma ka cire shi, ka share kwarin gefensa da ɗan ramin mai, ka juya shi sama ta koma ƙasa don ya ci daidai. Sannan ka tayar da injin, ka nuna bakinsa ga farin kwali ba tare da ya taɓa ba. In layin mai ya bayyana, famfon man sarƙa yana aiki.

Akwai abu ɗaya da ba na sassauci a kai, shi ne birkin sarƙa. Idan saman bakin ƙarfen ya taɓa itace, injin kan yi tsalle ya nufo fuskar mai riƙe da shi kafin ya ankara, kuma birkin ne ke tsayar da sarƙar. Riƙe injin da hannu biyu, ba shi wuta, ka tura makarin gaba da bayan hannun hagu. Dole sarƙar ta tsaya cak. In ba ta tsaya ba, ko kuma tana juyawa alhali injin yana silo, wato yana aiki ba a ba shi wuta ba, kada ya bar hannunka zuwa na wani sai an gyara. Wanda zai saya ba lallai ya san yadda ake gwadawa ba, kai kuwa ka sani.

Tambaya: Na gama gyara. Yaya zan tallata shi a intanet ba tare da an yi mini tayin wulaƙanci ko an damfare ni ba?

Amsa: A nan wayarka za ta yi maka aiki. Ɗauki bidiyo guda ba yankewa: ka fara da ɗora hannu a kan salansa don a ga injin a sanyaye yake, ka tayar, ka bar shi a silo, ka gwada birki, ka yanka gungume ɗaya. Haɗa da hoton fistin, da hoton lambar injin, domin jabun Stihl da Husqvarna sun yi yawa, mai saye yana da hujjar yin shakka. Rubuta abin da ka sauya ɗaya bayan ɗaya, ka bayyana wanne ne na asali, wanne ne ba na asali ba. In akwai tsagewa a murfi, ɗauke ta kusa. Mai saye da ya ga aibi a hoto ya riga ya yarda da shi kafin ya zo. Wanda ya gano da kansa kuwa zai rage kuɗi ninki, ya kuma zargi sauran bayananka.

Farashi kuma ka duba abin da aka sayar da irinsa a zahiri, ba abin da masu talla ke nema ba. Idan naka mai batir ne, faɗi shekarun batirin da tsawon lokacin da yake ɗauka yana yanka.

Kada ka miƙa kaya saboda hoton rasit ko saƙon tes; buɗe manhajar bankinka da kanka ka ga kuɗin sun shiga. Kada ka ba kowa lambar sirrin da aka turo wayarka da sunan tabbatar da biya. In aikawa za ka yi, juye fetur da man sarƙa, ka tayar da injin har ya mutu da kansa, ka cire ƙarfen da sarƙar ka naɗe su daban a cikin kwali.